Bayan Karayar Arziki: Yadda Za Ka Riƙe Imaninka Ka Sake Miƙewa

Kano gari ne na kasuwa, kuma inda ake cin riba nan ake karyewa. Wanda ya daɗe a garin nan ya san mutanen da suka kwana da shago cike da kaya suka wayi gari da toka, lokacin da gobara ta cinye dubban shaguna a Kasuwar Sabon Gari a watan Maris na 2016. Ya san 'yan kasuwar Kantin Kwari da ruwa ya shiga shagunansu a damunar 2022, ya jiƙa dilolin atamfa da shadda. Ya ga 'yan acaɓa da aka hana su ɗaukar fasinja a farkon 2013, da ƙananan 'yan kasuwar da jarinsu ya narke a hankali bayan cire tallafin mai a watan Mayun 2023, sa'ad da lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki. Ga kuma karayar da ba a jin ta a rediyo: sallama daga aiki, jinyar da ta cinye fili da mota, yaron shago da ya gudu da kuɗi, maigida da ya rasu ya bar mace da yara biyar.

Ita musibar, wani lokaci dare ɗaya take ɗauka. Abin da ke riƙe mutum a ƙasa shekara da shekaru yakan biyo baya ne: ɓoye halin da ake ciki, gaggawar mayar da abin da aka rasa, da yanke ƙauna daga rahamar Allah. Waɗannan ukun kuwa mutum yana da abin yi a kansu.

Kwanakin farko

Ka fara da harshenka. Ka ce "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un", ka biyo da addu'ar da Ummu Salama ta ji daga Annabi, sallallahu alaihi wa sallam: "Allahumma'jurni fi musibati wa akhlif li khairan minha." Wato, ya Allah ka ba ni lada a kan musibata, ka musanya mini da abin da ya fi ta. Lokacin da mijinta Abu Salama ya rasu, ta tambayi kanta wa zai fi Abu Salama, amma duk da haka ta faɗa. Daga baya Manzon Allah ne ya aure ta. Ta yi addu'ar ne zuciyarta ba ta hango ta inda musanyar za ta ɓullo ba, kai ma ba sai ka hango ba kafin ka yi.

Idan hawaye ya zo, ka bar shi ya zuba. Mun tashi ana ce mana namiji ba ya kuka, sai mutum ya haɗiye abu har ya koma masa hawan jini. Annabi ya yi hawaye ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu, ya ce ido yana zubar da hawaye, zuciya tana baƙin ciki, amma ba ma faɗin komai sai abin da zai yardar da Ubangijinmu. Iyakar ke nan. Abin da za ka yaƙa shi ne "da na sani": da ban karɓo kayan nan ba, da ban yarda da yaron nan ba. Da na sani ƙeya ce, kuma hadisin Muslim ya ce kalmar "da" tana buɗe wa Shaiɗan ƙofar aiki. Duk sanda ta taso ka ce "Ƙaddarallahu wa ma sha'a fa'al", ka tashi daga inda kake zaune. Lokacin binciken kuskure yana nan zuwa, amma ba yanzu ba.

A makonni biyun farko kada ka sayar da gida, kada ka furta saki, kada ka bar gari. Wanda ya matsu ba ya ɓoyuwa, kuma filin da ka kai kasuwa a gigice rabin kuɗinsa za a taya.

Ka faɗa wa mutanen gidanka

A nan ne mafi yawan mazajenmu suke tuntuɓe, shi ya sa zan daɗe a kai. Na sha ganin mutum ya karye, amma kullum da safe zai saka shaddarsa mai guga, ya kafa hula, ya fesa turare, ya fita kamar zai tafi kasuwa. Sai ya nufi wata unguwa da ba a san shi ba, ya zauna a bencin mai shayi, daga nan ya koma inuwar masallaci har la'asar, waya a kashe cikin aljihu. Da magariba ya shigo gida da ledar burodin da ya karɓo bashi. Uwargida ba ta san komai ba, tana girkin da aka saba, har ta karɓi ankon bikin ƙanwarta. Ranar da za ta sani, daga bakin mai bin bashi za ta ji, a ƙofar gida, maƙwabta suna leƙowa. Shi a ganinsa rufin asiri yake yi wa kansa, alhali kowace rana ta wannan ɓoyon tana ƙara masa bashi, tana kuma cin amincin da ke tsakaninsa da matarsa.

Ranar da wahayi ya fara sauka, Annabi ya dawo daga kogon Hira jikinsa yana rawa, wurin Nana Khadija ya nufa. Ya gaya mata yana jin tsoro a kan kansa. Ita ta kwantar masa da hankali, ta lissafa masa kyawawan halayensa, ta kai shi wurin Waraƙa bin Naufal. Idan fiyayyen halitta ya buɗe wa matarsa abin da ke ransa, babu girman da zai zube don kai ka yi haka.

Ka zaɓi dare bayan yara sun yi barci, ka yi magana a taƙaice da gaskiya: "Maman yara, zauna mu yi magana. Kasuwa ta karye mini. Ga abin da ya rage a hannuna, ga abin da ake bina. Ban so ki ji a waje ba. Ki taya ni da addu'a, kuma sai mun rage wasu abubuwa zuwa wani lokaci." Mai yiwuwa ta yi kuka, mai yiwuwa ta yi fushin ba ka faɗa da wuri ba. Ka ba ta kwana biyu. Abu ɗaya dai: ɗan kunnenta da sarƙarta na gwal dukiyarta ce, ba ka da ikon tilasta mata ta sayar. In ta bayar da kanta, ku yi magana a fili, rance ne ko kyauta, ku rubuta.

Ke ma 'yar'uwa, idan jarin sana'arki ne ya karye, ko kuɗin adashen mutane ya salwanta a hannunki, kada tsoron faɗa ya sa ki ci wani bashin don ki toshe na farko. Ki faɗa wa maigida ko yayanki tun ramin bai yi zurfi ba.

A wajen gida, mutum ɗaya ko biyu sun isa: yaya, kawu, tsohon ubangidanka na kasuwa, ko limamin da ka san yana riƙe magana. Iyaye a gaya musu cikin lallashi, don addu'arsu ba ta da madadi. Majalisa da Facebook ba wurin kai kuka ba ne. Annabi Yaƙubu cewa ya yi, kukan damuwata da baƙin cikina ga Allah kaɗai nake kai shi. Ka kai wa Allah kukan, ka kai wa masu hankali neman shawara.

Biro da takarda

Ka samo littafin rubutu irin na 'yan makaranta. Shafi na farko, duk wanda yake binka, da adadi, har mai kantin unguwa. Na biyu, waɗanda kake bi, ka yi alama a kan wanda da gaske zai iya biya. Na uku, abin da ka mallaka da kuɗin da zai yi a kasuwa yau, ba yadda ka saya ba. Na huɗu, abin da gida yake ci a wata. Mutane da yawa suna gudun wannan zama, amma bashin da ke yawo a ka tsakar dare ya fi wanda aka rubuta ban tsoro. Da ya hau takarda, ya zama abin da za a iya rabawa a biya.

Daga nan sai ragi. Abinci, haya da magani su ne gaba. Anko, man janareta, yawan sayen data da hidimar fita kunya su jira. In makarantar yara ta fi ƙarfinka, ka je ka sami shugaban makarantar kafin a koro su, ko ka mayar da su inda za ka iya, kada dai su zauna a gida. A ra'ayina, cikin bashi ma akwai na gaba: kuɗin marayu, ajiyar da aka ba ka amana, da haƙƙin leburan da ya yi maka aiki, su za ka fara saukewa kafin na babban ɗan kasuwar da zai iya jira.

Ka je wurin masu binka kafin su zo

Wannan shi ne mataki mafi nauyi, kuma a nan ƙarfin hali yake. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, babu babban ɗan kasuwar da bai san karaya ba. Abin da ke fusata mai bin bashi har ya kai mutum wurin 'yan sanda yawanci kashe waya ne da canja hanya. Saboda haka ka kunna wayarka, ka ɗauki dattijon da yake jin nauyinsa, ku same shi a shago ko a gida. Bayan gaisuwa ka ce: "Alhaji, na zo ne da ƙafata. Ka san abin da ya same ni. Kuɗinka kaza ne, ban manta ba, ba na musu. Yanzu ba ni da su. Abin da zan iya shi ne kaza duk ƙarshen wata, in Allah ya buɗa in ƙara. Ina roƙon ka ɗaga mini ƙafa."

Zai iya yin faɗa. Ka sunkuyar da kai ka saurara, haƙƙinsa ne. Abin da za ka kiyaye shi ne alkawarin da ba za ka iya cikawa ba. Kada zafin wurin ya sa ka ce "Juma'a mai zuwa" alhali ka san babu. Dubu ashirin da take zuwa kan lokaci duk wata ta fi alkawarin miliyan da aka saɓa sau uku. Duk abin da kuka tsayar a rubuta, shaidu su sa hannu. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. Kafin ita kuma, aya ta 280 ta umarci mai bin bashi ya jinkirta wa wanda yake cikin ƙunci har ya sami sauƙi. Kai ma kana da naka albishir a hadisin Bukhari: wanda ya karɓi dukiyar mutane da niyyar biya, Allah zai biya masa.

In magana ta ƙi daidaituwa, akwai shugabannin kasuwa, akwai mai unguwa, akwai Hisba da ke yin sulhu, duk kafin a kai ga kotu. Sannan ka sani wanda bashi ya danne yana cikin rukunin mutane takwas da aya ta 60 a Suratut Tauba ta ba su zakka. Jihar nan tana da Hukumar Zakka da Hubusi, kuma masu hali da yawa suna neman wanda ya cancanta da gaske. Idan limaminku ko wani dattijo ya isar da maganarka, karɓa ba bara ba ce.

Ƙofofin da ba a shiga

Wanda ya yi asara yana son ya mayar a dare ɗaya, masu cuta kuma sun san haka. Manhajojin bashi na waya za su ba ka kuɗi cikin minti kaɗan, da ruwa mai nauyi, in ka makara su aika wa lambobin da ke wayarka saƙon tozarci. Masu cewa ka zuba kuɗi a ninka maka, an ga ƙarshen MMM a 2016, an ga na CBEX a 2025, gobe ma da wani suna za su dawo. Shagon caca haka. Bokan da zai ce maƙwabcin shagonka ne ya yi maka asiri zai karɓe ragowar kuɗinka, ya raba ka da mutane, ya taɓa maka imani. Ƙwayar da aboki zai miƙo maka "don ka samu barci" ita ma ka mayar masa.

Salla ta riƙe maka yini

Akwai tunanin da ke zuwa wa mai karaya wanda ba ya iya faɗa wa kowa: ko Allah fushi yake yi da ni? Ga wane ba ya salla amma kasuwarsa tana ci gaba. Idan ya zo maka, ka tuna shekara ta 10 bayan aiko Annabi, wadda ake kira shekarar baƙin ciki. Ba a daɗe da fita daga takunkumin shekara uku da Ƙuraishawa suka ƙaƙaba musu ba, wanda har ganye aka ci saboda yunwa, sai Abu Ɗalib ya rasu, Nana Khadija ta rasu. Ya tafi Ɗa'ifa neman masu karɓarsa, aka jefe shi da duwatsu har ya yi jini. Wannan shi ne mafi soyuwar bayi a wurin Allah. Yalwa ba shaidar yarda ba ce, ƙunci ba shaidar ƙi ba ne.

A aikace, wanda ya rasa wurin zuwa da safe yakan rasa tsarin yininsa gaba ɗaya: barci har azahar, ido biyu har asuba. Salloli biyar a jam'i su ne za su mayar maka da tsari. Ka fi matsa wa kanka a kan asuba, domin wanda ya fito asuba ya riga ya tashi, ya yi alwala, ya ga mutane. Bayan ta ka yi azkar, ka karanta ko da shafi ɗaya, kada ka koma shimfiɗa. Kar ka ɗora wa kanka izu biyar a rana ka gaji a mako guda, aikin da Allah ya fi so shi ne mai ɗorewa ko da kaɗan ne. Ka lazimci addu'ar da Anas ya ce Annabi yana yawan yi: "Allahumma inni a'uzu bika minal hammi wal hazan, wal ajzi wal kasal, wal bukhli wal jubn, wa dala'id daini wa galabatir rijal." A cikinta akwai neman tsari daga damuwa, da kasala, da tsoro, da nauyin bashi, da rinjayen mutane, duk abin da ke damun mai karaya. Masallatai da yawa a garin nan ana karatu tsakanin magariba da isha, ka zauna a ɗaya. Wannan lokacin ne zaman kaɗaici ya fi cutarwa.

Wata rana za ka yi salla ba ka ji komai a zuciyarka ba. Ka yi ta a haka, gobe ma ka sake.

Ka koma nema, ko daga ƙasa ne

Abdurrahman bin Auf ya iso Madina ya bar dukiyarsa a Makka. Ɗan'uwansa na Ansar, Sa'ad bin Rabi'i, ya yi masa tayin rabin dukiyarsa. Ya yi masa addu'ar albarka, ya ce a nuna masa kasuwa. Ya shiga, ya dawo da ɗan cuku da man shanu na riba. Daga wannan ya tashi har ya zama cikin manyan attajiran sahabbai.

A Kano abin da ke hana mutum wannan shi ne idon jama'a. Jiya kai ne mai shago da yara uku, yau a gan ka kana dillanci a layin da ake gaishe ka? Faɗuwar gaba asarar namiji. Za a yi maganar, mako biyu ko uku, sannan a sami wata. Wanda ya tambaya ka ce "Alhamdu lillahi, ana nema", ka wuce.

Ka duba abin da wuta da ruwa ba su ci ba. Ka san kaya, kana taɓa yadi ka san asalinsa. Kana da lambobin kwastomomi na ƙauyuka, wataƙila har Nijar da Chadi. In ka fuskanci masu binka da gaskiya, kana da amana, ita ce kuma jarin da kasuwannin garin nan suka fi aiki da shi. Ka je wurin wanda ya san ka ka ce: "Maigida, ba kuɗi na zo nema ba. Ka ba ni kaya kaɗan in sayar in kawo maka kuɗinka, ko in kawo kwastoma ka ba ni la'ada." Ka ɗauki hoton kaya ka tura wa mutanenka ta WhatsApp. Kuɗin farko da ya shigo, ka kai wa mai kaya a ranar, kada ya kwana a aljihunka.

Ka tsaya a sana'ar da ka sani. Ɗan Kwari da ya kwashi ragowar kuɗinsa ya shiga harkar hatsi a Dawanau don ya ji ana samu, yakan yi karaya ta biyu. In Adaidaita Sahu za ka karɓa, ka zauna da wanda yake tuƙi ya lissafa maka balas da mai da gyara kafin ka sa hannu. Mace kuma daga cikin gida za ta iya farawa da abin da hannunta ya iya, awara ko ɗinki ko turaren wuta ko kitso, da sharaɗi ɗaya: kuɗin jari a gwangwaninsa daban, ba a taɓa shi don cefane.

Idan damuwa ta zama ciwo

In ka yi mako biyu ko fiye ba barci, ba cin abinci, ba abin da ke ba ka sha'awa, ko ka fara jin mutuwa ta fi maka, wannan ciwo ne da likitoci suka sani kuma yana da magani. Ba raunin imani ba ne. Akwai sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa a Asibitin Malam Aminu Kano, akwai asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau, kuma zuwa can ba ya nufin mutum ya haukace. In tunanin kashe kai ya zo maka, a ranar ka faɗa wa wani, kada ka kwana kai kaɗai. Ka riƙa auna jininka ma, ko a kemis ne. Addu'a da magani tare suke tafiya.

Idan ƙafa ta fara tsayawa

Yanzu ne lokacin binciken da aka jinkirta. Ka koma littafin nan, ka raba abin da yake ƙaddara tsantsa da wanda sakaci ya taimaka. Gobara ba kai ka kawo ta ba, amma tara duk dukiya a shago ɗaya, da ba da kaya ba rubutu, da cin jari a hidimar biki, waɗannan ana gyara su. Annabi ya ce wa mai raƙumi ya ɗaure shi sannan ya dogara ga Allah. Ka yanka wa kanka abin da za ka riƙa ɗauka duk wata, ka ware ajiyar da za ta riƙe gida wata uku, ka tambayi masana a kan takaful, wato inshorar Musulunci. Waɗanda suka guje ka lokacin tsanani, ka gaishe su, ka sauke zumunci, amma ka san da wa za ka sake haɗa kuɗi.

Ba za a daɗe ba za ka ji wani a layinku ko unguwarku ya karye. Lokacin da Ja'afar bin Abi Ɗalib ya yi shahada a yaƙin Mu'uta, shekara ta 8 bayan hijira, Annabi ya ce a dafa wa iyalinsa abinci, don abin da ya shagaltar da su ya same su. Ka je wurin mutumin da daddare, ba a gaban jama'a ba, da kwanon shinkafa ko abin da ya sawwaƙa. Kada ka tsare shi da tambayar yadda aka yi. Ka tambaye shi ko iyalinsa sun sani, ko ya rubuta bashinsa, sannan ka ce in zai je wurin masu binsa, kai za ka raka shi.